Hoton da Na Wanke

Talata, 8 ga Oktoba, bayan Azahar

Da sunan Allah. Wannan littafin na ajin yaƙi da jahilci ne, rabinsa ban taɓa ba. Malama Naja'atu da ta koyar da mu ta taɓa cewa idan magana ta tsaya wa mace a wuya, kuma ba ta da mai ji, ta faɗa wa takarda. A lokacin dariya muka yi. Ni Hanne, sai da na kai shekara talatin da shida na iya rubuta sunana.

Jiya muka dawo Gaya. Kwana goma sha huɗu muka yi a asibiti a Kano. Ta shiga ɗakinta, ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya. Hannun daman yana naɗe har gwiwa. Ta ɗora shi a kan filo kamar jaririn wata da aka ba ta riƙo.

'Yata ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ita ma ba ta ce mini Inna, Yaya take cewa, yadda ta ji ƙannena suna kirana. Amma takarda ba mutum ba ce. Muslima. Ga shi na rubuta. Ita ta koya mini wannan harafin na farko idan na dawo daga aji. Takan riƙe hannuna a cikin nata, ta ce, "Yaya, ki saki jiki mana, biro ba muciya ba ce."

Da wannan hannun.

Laraba, 9 ga wata, hantsi

Ta sha kunu rabin kofi. Ba ta fito ba.

Alhamis, 10 ga wata, bayan La'asar

'Yan dubiya tun safe. Kowa Allah Ya sa kaffara ce, ni kuma amin, amin, har bakina ya bushe. Ba ta juyo ba ko sau ɗaya.

Datti mai injin niƙan unguwarmu ya zo. A zaure ya tsaya, maigidana Malam ya fita wurinsa. Ina jiyo shi yana cewa, "Wallahi Malam Tukur da gudu na kashe injin, wallahi da gudu." Babban mutum yana kuka. Ba laifinsa ba ne. Na san na wa ne.

Tun da muka dawo a turmi nake daka. Injin yana tashi da hantsi, har tsakar gidanmu ana ji. Da ya tashi sai in ƙara wa rediyo murya.

Asabar, 12 ga wata, bayan Azahar

Hadiyya ta zo daga Toranke a kan babur. Aminiyarta ce tun suna Islamiyya. Bikinta ya matso, ranar Alhamis 31 ga wata za a yi mata ƙunshi.

Yarinyar nan mai ƙunshi ce. Daga Kademi ana zuwa, daga Ajingi ana zuwa, amare har layi suke yi a tabarmar nan. Tana da littafi da take zana fulawoyinta kafin ta sa wa mutum. Akwai wani shafi da ta hana kowa, furen kuɓewa da ganyensa, ta rubuta a ƙasa: na Hadiyya. Tun damina take gyara shi.

Hadiyya ta zauna a bakin katifa ta yi ta surutu, labarin dangin miji, labarin telan da ya ɓata mata hannun riga. Can ta ce, "Ke ni fa ban ɗauki wata ba. Idan ba zanenki ba, haka zan shiga da hannu fari fat, a ce amaryar Toranke ba ta da gata."

Sai na ji muryarta, karo na farko tun asibiti. "Ki nemi wata."

Hadiyya ta fito ta rungume ni a bakin murhu. Ta ce, "Inna, idan ta bar ranar nan ta wuce tana kwance, ba za ta ƙara tashi ba." Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Ban iya faɗa ba sai da ta faɗa.

Lahadi, 13 ga wata, bayan La'asar

Abdulmumin ɗan yayana ya zo daga Kano. Taubashinta ne, ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba. Ya leƙa ɗakin ya ce, "Ke baƙauyiya, sarauniyar kwanciya, tashi ki gaida ubangidanki." A da da ta ce masa mai kan kwakwa. Yau ko motsi.

Ya dawo wurina jiki a sanyaye. Littafin zanen yana kan taga, ya ɗauka yana buɗawa. Ya daɗe a shafin furen kuɓewa.

Ya ce, "Gwaggo, kin san aikina?" Na ce allunan shaguna. Ya ce injin da suke yanka su da shi ba ya da wuƙa, haske ne siriri kamar zare, leza suke ce masa. Duk abin da aka zana a takarda zai iya huda shi a jikin roba, ko da ya kai ƙwayar gero ƙanƙanta. Sai a ɗora robar a bayan hannu, a shafe da lalle, a ɗaga, zanen ya zauna. Ya ce, "Shafawa kuwa ko da hagu ana yi."

Na ce to a yi gobe.

Ya ce matsalar robar ce. Ta shagonsu mai kauri ce, ta allo. Irin wadda ake so sai an yi odarta daga nesa, ba za ta iso kafin bikin ba. Sai dai in duba abin da ke kusa. Ya faɗi sharuɗɗa, na ce ya tsaya in rubuta, ya yi ta jirana.

Ta zama siririya, don kada lallen ya taru a bakin zanen.
Ta zama garau, a ga fatar mutum ta cikinta, a san inda gaɓa take.
Ta lanƙwasu ta bi hannu da idon sawu, ba ta karye ba, ba ta naɗe ba.

Ya ce akwai na huɗu, shi ya fi. Wata robar idan hasken ya ƙona ta hayaƙinta guba ne, yana cin ƙirjin mutum, yana cin injin. Ya koya mini gwaji. In sami wayar jan ƙarfe, in gasa bakinta a risho, in dangwala a robar, in mayar cikin wutar. Idan wutar ta yi kore, in jefar.

Ban faɗa mata ba. Malam na faɗa wa. Ya ce, "Hanne, kada ki ɗora wa ranki abin da zai karya ki." Amma bai hana ni fita ba.

Talata, 15 ga wata, hantsi

Ledar tebur, irin garau ɗin nan da ake shimfiɗa wa masu shayi. Na samo ƙyalle a kasuwa. Siririya ce, ina ganin layin tafina ta cikinta, ta bi wuyan hannuna kamar ruwa. Na dawo gida ina sauri har ina tuntuɓe.

Wutar ta yi kore shar. Na sake. Kore.

Na zauna a gaban rishon na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Laraba, 16 ga wata, bayan Azahar

Wankin ciwo a asibitin nan garin. Da ma'aikaciyar ta fara kwance bandejin sai na kalli silin. Akwai tabon ruwa a wurin mai kama da akuya. Na san shi sarai yanzu.

Ita kuwa ta kalla. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 17 ga wata

Ba ta fito ba.

Juma'a, 18 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Gorar ruwa babba, na yanke kai da gindi na tsaga ta. Wuta ba ta yi kore ba. Amma ta ƙi kwanciya. Na danne ta da dutsen niƙa tun jiya, ina ɗagawa ta koma ta naɗe kamar tabarma.

Bangon da masu hoton takarda suke sa wa littafin ɗalibai, kore.

Jakar takardu ta roba, wadda Malam yake ajiye takardun gona. Ba kore, tana lanƙwasuwa. Na ɗora a hannuna, sai na ga hannun kamar a cikin ruwan tsari. Na tura wa Abdulmumin da direban motar Kano duk da haka. Ya kira ya ce, "Gwaggo, bakinta narkewa yake, furen ya zama kamar an taka shi."

Ledar da ake sa shadda a ciki, ta ƙone ƙurmus kafin in kai ta wuta sau biyu.

Gidan duk warin roba. Malam ya shigo ya ce, "Yau kuma me muke ci, bokiti?" Ya so in yi dariya. Na yi masa kaɗan.

Na je shagon da ake sayar da kayan makaranta. Akwai rubutu a jikin fakitin robobin, na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Sun haɗu, amma Turanci ne, ba su ce mini komai ba. Mai shagon ya ce, "Hajiya, roba ai roba ce." Haka ni ma na zata shekara arba'in.

Lahadi, 20 ga wata, hantsi

Saura kwana goma sha ɗaya.

Na kai mata fura, na ga wayarta a ƙasa, ta kife ta. Mata suna ta turo saƙo suna tambayar ranar da za ta karɓe su.

Litinin, 21 ga wata, bayan La'asar

Yau sati huɗu.

Ranar da abin ya faru na kira sunanta. A titi, a gaban maza, da ƙarfi, sau uku. Ba mayafi a kaina. Ba wanda ya yi mini dariya, har yau ba wanda ya tayar da zancen.

Talata, 22 ga wata, bayan Azahar

Akwai wani dattijo a bakin tasha, Baba Kabo, shi yake rubuta lamba a jikin Keke mai ƙafa uku da bangon makarantu. Na sha wuce shi. Yau na ga ya ɗora wani abu a jikin Keke, ya shafa fenti, ya ɗaga, lamba ta fito tsaf. Na tsaya. Abin garau ne, da ɗan shuɗi-shuɗi kamar ruwan rijiya da safe.

Na gaishe shi na ce, "Baba, wannan robar a ina ake sayar da ita?"

Ya yi dariya, haƙoransa duk goro. "Sayarwa? 'Yar nan, wannan ai ƙirjin wani ne. Wancan kuma ƙafar wani direba ce." Ya ce hoton ƙashi ne na asibiti. A jiƙa shi a ruwan haifo na wankin farin kaya, baƙin ya saki, a goge da tsumma, a ɗauraye. Ya ce shekara talatin da shi yake aiki, ba ya karyewa, ba ya naɗewa, ruwa ba ya cinsa.

Ya miƙo mini wani gutsure. Na naɗa a wuyan hannuna, ya bi. Na sake shi, ya miƙe. Ina ganin jijiyoyina ta ciki.

Na ce ko yana da babba. Ya ce duk ya huda su, yanzu samunsu wuya, mutane sun fara ajiye nasu. "Ki duba gida. Ba gidan da ba a taɓa karaya ba."

Na kawo gutsuren na gwada a risho. Wutar ta tsaya shuɗiya. Na sake har sau uku.

Laraba, 23 ga wata, hantsi

Ambulan ɗin hotunan asibitin yana ƙarƙashin katifata tun da muka dawo. Ban taɓa buɗe shi ba.

Laraba, bayan La'asar

Huɗu ne a ciki. Biyu manya, na ranar da muka isa, kafin a shiga da ita tiyata. Biyu ƙanana, na bayan nan. Likita ya ce idan za mu koma mu zo da na ƙarshe. Bai ce komai a kan na farko ba. Na tuna sosai, bai ce ba.

Na ɗaga ɗaya daga manyan a rana, na sauke da sauri.

Alhamis, 24 ga wata, bayan Azahar

Na yi.

Manyan biyu, a bayan ɗakin girki, a cikin tsohuwar tasa. Malam yana gona ana cirar gyaɗa, ita tana ɗaki. Da na zuba haifon ba abin da ya faru, har na ji daɗi, na ce Allah bai nufa ba. Can sai baƙin ya fara tashi kamar hayaƙi a cikin ruwa. Na sa tsumma. Daga sama na fara, don in gama da wurin yatsun da wuri. Ina gogewa ina kallon katanga, amma hannu yana jin abin da yake yi.

Ruwan ya yi baƙi ƙirin. Na zubar a gindin zogale.

A kusurwar ɗayansu akwai rubutu fari. Na kai tsumman, sai idona ya karanta kafin in hana shi. MUSLIMA TUKUR. 23 ga watan tara. Na kasa. Na goge ko'ina na bar wannan kusurwar, baƙa, kamar faɗin akwatin ashana. Da ban iya karatu ba da na wanke shi tare da sauran.

Sun fito garau. Na shanya su a igiya tsakanin zannuwa, ana ganin sama ta cikinsu.

Gero ne, tiya ɗaya, na ce ta kai injin Datti ranar nan. Ta ce, "Yaya, bari in ƙarasa ganyen nan." Na ce kullum zane, kullum zane, mu kwana da yunwa saboda fure? Ta ajiye biron ta ja hijabinta, dogon nan mai ruwan toka. Ni na ɗinka mata shi da tsawo haka. Shi injin ya kama, ya ja hannun.

Juma'a, 25 ga wata

Ta ci tuwo loma biyar. Na ƙirga. Ba ta fito ba.

Asabar, 26 ga wata, bayan La'asar

Na je Kano ni kaɗai, Malam ya sa ni a mota. Robobin a cikin zani, littafin zanen a ƙirjina. Da muka hau gadar Wudil na tuna wancan wucewar, na rufe ido har muka sauka.

Injin kamar babban akwatin firiza ne mai murfin gilashi. Abdulmumin ya karɓi robar, ya lanƙwasa, ya ɗaga a haske, ya ce, "Kai! Gwaggo, ai kin fi mu sanin aikin. Ina kika samo?" Sai ya ga kusurwar. Ya ce, "In yanke wannan?" Na ce a'a. Bai ƙara tambaya ba.

Ya ɗauki hoton shafin ya sa a kwamfuta. Ya ce akwai gyara. Idan aka zagaye fure da yanka gaba ɗaya, cikinsa faɗuwa zai yi, a bar rami kawai. Dole a bar 'yan wurare sirara da ba a yanka ba, su riƙe tsakiyar. Gada yake ce musu. Na ce kada ya taɓa mata zane. Ya ce, "Ba zan ƙara komai ba, Gwaggo, ragewa zan yi kaɗan. In ta gani za ta zage ni, ni kuwa zagin nake nema."

Ya gwada a gefe tukuna. Bakin ya fita sumul. Sannan ya rufe murfin. Wani ɗan haske ya riƙa gudu a kan robar, hayaƙi siriri yana binsa. Ba hannu, ba biro. Furen kuɓewa ya fito, da ganyen, da 'yan ɗige-ɗigen da take sa wa a gefe kamar na zabuwa. Har inda hannunta yakan ɗan karkata idan ta zo ƙarshen ganye, injin ya karkata.

Masu shagon suna ta mamaki. Ni na fita waje na tsaya a bayan wata mota har na gama.

Mai sunan na hannu ne, ɗayan na ƙafa.

Lahadi, 27 ga wata, hantsi

Na gwada a ƙafata a ɓoye, da hagu, don in sani. Ya fito. Ya ɗan zurara a gefe ɗaya, amma ya fito. Na sa safa a wannan zafin.

Na kira Hadiyya. Ta yi ihu a waya har na janye ta daga kunne. Ta ce za ta turo Keke ranar Alhamis da hantsi.

Gobe zan nuna mata.

Litinin, 28 ga wata

Ban nuna ba. Injin Datti ya tashi daidai lokacin da na kai bakin ƙofa.

Talata, 29 ga wata, bayan Azahar

Ita ta kira ni. "Yaya." Na saki tsintsiya na shiga. Tana zaune, ta jingina da bango, wayar a cinyarta. Rabon da in ga fuskarta sosai har ban san ta rame haka ba.

Ta ce, "Na duba wayar nan tun daga farko. Hoto ɗari bakwai da wani abu. Duk hannun mutane ne. Nawa babu ko ɗaya. Shi yake riƙe wayar."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Ko lalle ban taɓa sa masa ba. Wa zai zana mini?" Ta ɗan yi murmushi. Sannan ta ce, "Yaya, hoton asibitin nan na farko. Wanda yatsun suke biyar. Ki ɗauko mini in gani."

Na ce yana wurin Malam.

Ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ban kira sunanta ba, ban ɗauke ta a gaban mutane ba, ban yabe ta ba ko da amare suna yabonta. Amma ƙarya ban taɓa ba sai yau.

Laraba, 30 ga wata, bayan La'asar

Ta tambayi Malam da safe. Ya ce wane hoto.

Na ɗauko su a cikin zanin na ajiye a gabanta. Na yi bayani da yawa. Na faɗi leza, na faɗi gada, na faɗi koren wuta da Baba Kabo, na cire safa na nuna mata ƙafata. Ina ta magana kamar mai talla. Na ce Keke zai zo gobe.

Ta ɗaga na hannun da hagu. Ta ga furenta. Na ga idonta ya bi ganyen har ƙarshe, wallahi na ga wani abu ya motsa a fuskarta. Sai ta kai kusurwar.

Ta daɗe tana karanta kalma biyu.

Ta ce, "Duka biyun?"

Na ce duka.

Ta ce, "Kin tambaye ni?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye shi a hankali a kan filo, ta kwanta, ta juya.

Na tsaya a wurin. Bakina ya buɗe don in ce wani abu, sunan ya zo har haƙorana. Na fita.

Alhamis, 31 ga wata, bayan Azahar

Keken ya zo. Ya jira har rana ta take. Ya koma ba kowa.

Alhamis, bayan La'asar

Hadiyya ta kira. Ta ce gwaggonninta sun zaunar da ita, wata ta yi mata na seletif, irin na kowa. Ta ce, "Inna, ki ce mata ban yi fushi ba." Tana faɗa tana kuka, ana guɗa a bayanta.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ba ta ci ba.

Na je gindin zogalen na tsaya. Ƙasa ce kawai.

Asabar, 2 ga wata, bayan Azahar

An ɗaura auren Hadiyya. Malam ya je Toranke ya dawo da goro da alawa. Ya ajiye nata a bakin ƙofa.

Ya same ni ya ce, "Da niyyar alheri kika yi." Na ce geron ma da niyyar tuwo na aika. Bai taɓa jin na faɗa ba. Ya zauna a kan turmi kusa da ni.

Lahadi, 3 ga wata, bayan La'asar

Ina tsince shinkafa a tsakar gida da hantsi sai inuwa ta faɗo a kan faifan. Ta fito. Tana ƙifta ido saboda rana. Robar tana hannunta na hagu.

Ta zauna a tabarmar amare. Ta shimfiɗa robar a cinyarta ta ce, "Ta ina suke?"

Ban gane ba. Ta ce, "Ke kika goge. Ke kaɗai kika san inda suke. Nuna mini."

Ashe na sani. Ina kallon katanga na goge, amma na sani. Na sa yatsana. Na ce babban yatsa a nan, wajen ganyen ƙasa. Manuni a nan. Na tsakiya ya kai har saman furen, ya fi kowa tsawo, irin na mahaifinki. Wannan a nan, ya ɗan karkace. Ƙaramin a nan, kusa da sunanki.

Ta ɗora hannun mai bandeji a kai, a hankali, ta daidaita wuyan hannun da inda na nuna. Babban ya kai wurinsa. Ƙaramin ya kai. A tsakani furen kuɓewa ne.

A nan ta yi kukan. Sati shida. Na matsa, ban san yadda ake yi ba, ban taɓa ba. Na riƙe kanta a ƙirjina na faɗi sunan a cikin gashinta, ba da ƙarfi ba.

Da ta gama ta share fuska da gefen zanina. Ta ɗaga robar ta ce, "Wane ne ya yanka mini jijiyar ganye gida uku?" Na ce Abdulmumin, wai gada. Ta ce, "Mai kan kwakwa."

Ta ce in kwaɓa lalle. Na kwaɓa, ta ce ya yi ruwa, na ƙara gari. Ta ce, "Kawo hannunki." Na miƙa hagu. Ta ce, "Daman."

Ta ɗora robar, ta leƙa ta ciki ta daidaita furen da gaɓar tsakiya. Ta danne gefen da bandejin, ta shafa da hagu. Hannuna ya ƙage. Ta ce, "Yaya, ki saki jiki mana." Ta ɗaga. Ganye biyu sun cuɗe, furen ya fito.

Ta kalla ta ce, "Bai yi kyau ba."

Ba ta ce ta yafe ba. Ban roƙa ba, ban san da wane baki ba. Ta ɗauraye robar da kanta, ta kiyaye kusurwar kada ruwa ya taɓa, ta shiga da ita ɗaki. Ta bar ƙofar a buɗe.

Lallen ya kama ja sosai. Da hannun nake rubutun nan, ina kallon furen yana tafiya a kan takarda. Sati biyu yake yi kafin ya goge.